Kyaftin Goloba da 'Yan Sandan Hausawa

Kun saba ganin ɗan sanda tsaye a mararraba, ko a bakin kasuwa. To, wannan aiki yana da mafari, kuma a cikin waɗanda suka dasa tushensa a ƙasarmu akwai wani Bature mai suna John Glover. Mutanen Ikko suna kiransa Goloba, mu ma haka za mu kira shi.

An haifi Goloba a Ingila a shekarar 1829. Tun yana ɗan shekara 12 ya shiga aikin sojan ruwa. Ya yi yawon teku ƙwarai, har ya je yaƙi ƙasar Bama, inda aka yi masa rauni.

A 1857 aka haɗa shi da wani likita mai suna Baiki, don su bi Kogin Kwara su san hanyarsa. Suna cikin tafiya sai jirginsu ya daki dutse kusa da Jabba, ya farfashe. Mutane suka tsira, amma jirgi ya tafi. Sai ya zama dole Goloba ya bi ta ƙasa ya nufi Ikko, ya ratsa ƙasar Yarabawa.

A wannan zamani akwai 'yan Arewa da yawa a can suna cikin bauta. An kamo su ne wajen yaƙi ko hari, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu, har suka kai bakin teku. Wanda ya gudu daga ubangijinsa ba shi da wurin zuwa, gama gida ya yi nisa, in kuwa aka kama shi a hanya sai a sake sayar da shi. Goloba ya zauna da irin waɗannan mutane, ya ga ƙarfinsu da jimirinsu wajen tafiya, abin ya zauna masa a rai.

Turawan Ingila suka karɓi Ikko a 1861. Bayan shekara biyu aka danƙa wa Goloba riƙon garin. Ga gari cike da 'yan kasuwa, ga rigima a kan hanyoyin fatauci, shi kuwa ba shi da isassun masu tsaro. Sai ya tuna da mutanen nan. A 1863 ya tara waɗansu 'yan kaɗan daga cikinsu, ya ba su tufafi iri ɗaya da bindigogi, ya koya musu fareti, ya yanka musu albashi. Aka riƙa kiransu Hausawan Goloba. Amma fa ba dukansu ne Hausawa ba. Duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa, to, Bahaushe ne a wurin Turawa.

Da labari ya bazu, sai bayi suka yi ta gudowa suna neman a rubuta su, don wanda ya sa rigar gwamnati ubangijinsa ba ya iya taɓa shi. Masu bayi suka ji haushi ƙwarai. Shi kuwa Goloba yana da nasa dalili. Ya san baƙo ba shi da dangi a gari, saboda haka in an ce ya kamo wani, ba zai ji nauyin kowa ba. Wannan dabara ta yi wa Turawa amfani, amma ta sa mutanen gari suna tsoron ɗan sanda maimakon su ɗauke shi mai taimako. Waɗansu 'yan sandan ma sun riƙa ƙwace, har aka laƙaba musu suna Ɓarayi Arba'in.

Aikinsu biyu ne, tsaron gari da yaƙi. A 1865 mutanen Egba suka kewaye garin Ikorodu, sai Goloba ya fita da dakarunsa ya kore su. Mutum ne mai ƙwazo, amma mai zafin rai. Ya gyara tituna a Ikko, ya ba 'yan gudun hijira wurin zama a Ebute Meta. Sai dai in ya yi faɗa da wani sarki, yakan toshe hanyar ciniki, fatake su yi ta hasara. A 1872 ya bar Ikko.

Bai daɗe a gida ba aka sake nemansa. A 1873 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Tonawa, wato mutanen Asante, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Babbar runduna ta tashi daga bakin teku ta miƙe Kumasi, Goloba kuwa ya bi ta wajen Kogin Bolta da Hausawansa. Ya isa Kumasi a watan Fabrairu na 1874, ya tarar an riga an ƙone garin. Da yawa daga cikin mutanensa ba su koma ba, suka zauna can suna aikin ɗan sanda da soja, har Hausa ta zama harshen bariki.

Daga nan aka naɗa shi Gwamnan Niyufanlan, wani tsibiri mai tsananin sanyi wanda yanzu yake cikin Kanada. Ya rasu a Landan a 1885. Mutanen Ikko suka gina wani babban zauren taro, suka sa masa sunansa.

'Yar rundunar nan tasa kuwa ta ci gaba da girma, daga baya ta rabu biyu. Masu yaƙi suka shiga babbar rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda wani ɓangarenta ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Masu tsaron gari suka zama 'yan sandan Ikko. A 1930 aka haɗa 'yan sandan Kudu da na Arewa, suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya.