Enrico Caruso: Mawaƙin da bai riski zamanin makirufo ba

An haifi Enrico Caruso ranar 25 ga Fabrairu, 1873, a birnin Napoli na Italiya, a gidan talakawa. Mahaifinsa makaniki ne, shi ma an sa shi koyon sana'ar tun yana yaro, amma a cikin mawaƙan coci aka fara gane baiwar da ke muryarsa. A 1895 ya shiga opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa daga farko har ƙarshe, kuma daga 1903 ya zama tauraron gidan Metropolitan na birnin New York.

Faifan garmaho ne ya kai sunansa gidajen da ba su taɓa ganin dandalin opera ba. Ranar 11 ga Afrilu, 1902, a wani ɗakin otal a Milan, Fred Gaisberg ya ɗauki waƙoƙinsa goma. Daga 1904 kuma ya koma kamfanin Victor na Amurka, inda ya yi sauran aikinsa.

A lokacin babu makirufo. Mawaƙi kan tsaya gaban wani babban mazurari, ƙarfin muryarsa ya girgiza allura, ita kuma ta zana sautin a kan kaki. Ba a ƙara sauti, ba a rage shi, ba a yanke kuskure. Idan an kuskure sai a sake daga farko. Fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce minti huɗu da 'yan kai ba. Idan mawaƙa biyu ne, wuyar ta ninku, domin mai ƙarfin murya sai ya ja da baya, in ba haka ba ya binne abokinsa.

Da wannan ya kamata a saurari Crucifix, waƙar ibada ta Kirista wadda Jean-Baptiste Faure ya tsara a kan baitocin Victor Hugo. Caruso ya rera ta a 1912 tare da Bafaranshe Marcel Journet, mai kakkaurar murya. Waƙa ce ta kiran masu kuka da masu wahala su zo a rarrashe su, don haka ba fagen nuna bajinta ba ne. Caruso, wanda muryarsa kan cika zaure mai ɗaukar dubban mutane, ya kame kansa ya bar wa Journet fili, har muryoyin biyu suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Kunnen da ya saba da sautin waya zai fara jin ƙarar allura kafin komai, amma ba a daɗewa ake mantawa da ita. A ganina wannan faifai ya fi wasu shahararrun waƙoƙinsa na opera bayyana ladabinsa a matsayin mawaƙi.

A watan Satumban 1920 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a karo na ƙarshe, a garin Camden, kuma cikin abin da ya rera akwai sassa biyu na waƙar ibada ta Rossini, Domine Deus da Crucifixus. A Disambar shekarar jini ya ɓalle masa a maƙogwaro yana kan dandali a Brooklyn. Ya daure ya yi wasansa na ƙarshe a jajibirin Kirsimeti, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, aka yi ta yi masa tiyata. Ya koma Napoli ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1921, yana da shekara 48. Sai a 1925 kamfanin Victor ya fara ɗaukar sauti da makirufo.