Likita Mila na Zariya: Bawan Allah da Ya Ƙi Fid da Zuciya

Karatu: Afisawa 6:10-18, Matiyu 4:1-11

In an ce magabci ya kawo hari, hankalinmu yakan tafi kan sammu, da mayu, da mugun mafarki. Amma akwai kibiyar da ta fi waɗannan kā da masu bi, ita ce fid da zuciya. Yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah da ya sha wannan kibiya a ƙasarmu ta Zazzau, bai kuwa faɗi ba.

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila, a Ingila a 1872. Ya karanta aikin likita, sa'an nan ya miƙa kansa ga aikin bishara a ƙarƙashin mishan ta CMS. Tun kafin ya taka ƙasar Hausa ya tafi Tarabulus ya koyi harshenmu a bakin Hausawan da ke can.

A 1900 shi da Bishop Tugwell da abokan aiki uku suka isa Kano. Sarki Alu bai ba su izinin zama ba. Suka juyo zuwa Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya yi ciwo ya rasu. Ƙofa a rufe, ga kabarin aboki. Wani da ya ce Allah bai aike shi ba. Mila ya daure, a 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

Shekaru suka yi ta wucewa, masu tuba ƙalilan ne. Sai a 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano saboda koyarwarsa a kan Isa. Da yawansu suka karɓi bishara, aka kafa musu ƙauyen masu bi a Gimi, nan ƙasar Makarfi, Rabaran Thompson yana kiwonsu. Ana cikin murnar girbi, sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen. Mutane da yawa suka mutu, ƙauyen ya watse, aka komo da sauran Zariya.

'Yan'uwa, a irin wannan rana ce Shaiɗan yake yin raɗa. Yakan ce: ina Allahnka? Koma wurin boka, ɗaura laya, ko kuwa ka tattara kayanka ka bar aikin. Mila bai bar aikin ba. Ya ci gaba da renon yaran da suka tsira, ya ci gaba da juyi, aya bayan aya. Ko da aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa a 1929, bai ajiye alƙalami ba. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa, aikinsa tare da waɗansu bayin Allah. Daga makarantar da ya dasa aka sami Dokta Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. Mila ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952.

Me za mu koya?

Na fari, makamin mai bi shi ne Maganar Allah. Da ita Yesu ya amsa wa Iblis sau uku a jeji. Mila ya ba da ƙuruciyarsa domin wannan takobi ya shiga hannunmu da harshenmu. Littafin da ke kwance a ƙarƙashin matashin kai kamar laya ba ya kare kowa. Buɗe shi kowace safiya, ka haddace, ka yi biyayya.

Na biyu, wahala ba shaida ba ce cewa Allah ya yashe ka. Masu bin Gimi ba don rashin bangaskiya suka mutu ba. Kada kuma mu ɗora wa tsohuwar maƙwabciya maita saboda zazzaɓin da sauro ya kawo. Yi addu'a, ka kai yaron asibiti, kamar yadda Mila ya haɗa addu'a da magani.

Na uku, kada ka yi yaƙi kai kaɗai. Tunkiyar da ta ware daga garke ita kura ke kamawa. In damina ta ƙi, ko ciwo ya daɗe a gida, ko zuciya tana jan ka zuwa zunubi, faɗa wa fasto ko dattijon ikilisiya, ku yi azumi da addu'a tare.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki. Ka tsare ni daga fid da zuciya, ka sa Maganarka ta zauna a bakina da zuciyata, in tsaya daram har ƙarshe. Cikin sunan Yesu, Amin.