Charles Inglis: Faston da Bai Karya Rantsuwarsa Ba

Ya mai karatu, ka taɓa yin alkawari a lokacin sanyi, sa'an nan rana ta yi zafi har ka ji kamar ka janye? Ga labarin wani bawan Allah da wannan ya same shi.

An haifi Charles Inglis a shekara ta 1734 a ƙasar Ailan. Ubansa fasto ne, amma ya rasu tun yaron yana ƙarami, gida kuwa ba wadata. Da ya zama saurayi sai ya ƙetare teku zuwa Amurka, ya yi aikin malamin makaranta a Fensilbaniya. A 1758 ya je Landan, aka keɓe shi domin aikin fasto a Ikilisiyar Ingila. A zamanin nan duk wanda za a keɓe sai ya rantse zai yi wa sarkin Ingila biyayya. Ka riƙe wannan, gama nan ne tushen labarin.

Ya fara aikin bishara a garin Doba, inda matarsa ta fari ta rasu. A 1765 ya koma birnin Niyok, ya zama mataimakin fasto a majami'ar Tiriniti.

To, a 1775 yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da mutanen Amurka masu neman ƴancin kai. Littafin sujada na ikilisiyarsa yana da addu'a domin sarki, wato Joj na Uku. Da sojojin Janar Washinton suka shiga Niyok a 1776, aka faɗa wa Inglis ya bar wannan addu'a. Ya ƙi. Wata Lahadi mutane ɗauke da bindigogi suka shigo majami'a ana cikin sujada. Jama'a suka firgita, suna tsammani za a harbe shi. Shi kuwa ya karanta addu'ar har ƙarshe, ba wanda ya taɓa shi.

Bayan an yi shelar ƴancin kai a watan Yuli, ya ga addu'ar za ta jawo wa garkensa masifa, barinta kuma karya rantsuwa ne. Sai aka rufe majami'ar. A watan Satumba gobara ta cinye wani sashen birnin, har da Tiriniti. Da aka naɗa shi babban fasto a 1777, a kan bangon da ya ƙone ya ɗora hannunsa ya karɓi aikin.

Wahala ba ta ƙare nan ba. A 1779 hukumar Niyok ta yanke a ƙwace dukiyarsa. Ɗansa ya rasu a 1782, matarsa ta biyu ta bi shi a 1783. A wannan shekara Ingila ta amince da ƴancin Amurka, Inglis kuwa ya bar ƙasar da ya yi wa hidima kusan shekara talatin.

Amma Ubangiji bai gama da shi ba. A 1787 aka naɗa shi bishop na Noba Skoshiya, a Kanada ta yanzu, inda dubban masu gudun hijira irinsa suka zauna. Shi ne bishop na fari da Ikilisiyar Ingila ta naɗa domin ƙasashenta na ƙetare. Ya yi ta yawo ta ruwa da ta tudu, yana sa a gina majami'u, ya kuma kafa makarantar da ta zama Kwalejin Sarki a garin Winza. Ya rasu a 1816.

Ɗan'uwana, ban ce maka Inglis ya yi daidai a siyasa ba. Akwai masu bi na gaskiya da suka tsaya a ɗaya gefen, ƙasar da ya ƙi haihuwarta kuwa ta tsaya da ƙafafunta. Sarkin da ya yi wa addu'a mutum ne, ya mutu, bai iya kare masa ko gidansa ba. Duk da haka Inglis ya ɗauki maganar bakinsa a gaban Allah da nauyi, ya biya tamaninta.

Kai fa? Ran da aka yi maka baftisma ka yi wa Yesu Almasihu alkawari, Sarkin da mulkinsa ba ya ƙarewa. In dangi suka juya maka baya, ko ciniki ya tsaya saboda sunansa, za ka tsaya? Ka roƙe shi ƙarfi tun yau, kafin ranar gwaji ta zo.