Erle Halliburton: Direban da ya tare wa ruwa hanya a rijiyoyin mai

A ofisoshin Abuja, da zarar an ambaci Halliburton, abin da ke faɗowa a rai shi ne badaƙalar cin hanci ta kwangilar iskar gas ta tsibirin Bonny, wadda ta sa kamfanin da tsohon reshensa KBR suka biya dala miliyan 579 a Amurka a 2009. Mutumin da ya bar wa kamfanin suna kuwa ya rasu kusan shekara 40 kafin a fara wannan ta'asa. Abin da ya shafe rayuwarsa a kai shi ne hana ruwa shiga rijiyar mai, aikin da yanzu ya shafi Jihar Bauchi kai tsaye.

An haifi Erle Palmer Halliburton ranar 22 ga Satumba, 1892, kusa da garin Henning a jihar Tennessee ta Amurka, a gidan manoma. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, talauci ya yi wa gidan katutu, har ya bar gida yana ɗan shekara 14 don neman na kansa. A 1910 ya shiga sojan ruwa, inda ya koyi aikin injuna da famfuna. Da ya bar soja a 1915 sai ya auri Vida Taber, ya zauna a Kalifoniya.

A wancan zamani babu abin da ke hana masu rijiyoyin Kalifoniya barci kamar ruwa. Mai haƙa yakan ratsa shimfiɗun ƙasa iri-iri: ruwan sha a sama, ruwan gishiri a ƙasansa, can ƙasa kuma yashin da ke riƙe da mai. Allah Ya raba su da dutse da yumɓu, ramin haƙa kuma ya haɗa su. Ana zura bututun ƙarfe a ramin, amma tsakanin bututun da bangon rami akwai giɓi. Ta nan ruwa ke gangarawa ya mamaye yashin mai, rijiya ta koma fitar da ruwa, ɓarnar kuma ta bi shimfiɗar ta kai ga rijiyoyin maƙwabta. Lamarin ya kai ga jihar ta kafa hukumar sa ido kan rijiyoyi a 1915.

Maganin da aka gano shi ne siminti. A 1903 Frank Hill na kamfanin Union Oil ya zuba shi a wata rijiya a Lompoc don tare ruwa. Bayansa Almond Perkins ya fito da dabarar tura kwaɓaɓɓen siminti ta cikin bututu tsakanin matosai biyu, ya fita ta gindi, ya hauro ta baya ya cike giɓin. A kamfanin Perkins ne Halliburton ya samu aikin tuƙin babbar mota. Ya koyi aikin da sauri, ya kuma cika kawo shawarwarin gyara waɗanda maigida bai nema ba. Ƙarshenta aka sallame shi.

A 1919 ya nufi Teksas, inda ake rububin mai a Burkburnett. Jarinsa famfon aro ne, da keken dabbobi, da alfadarai, da akwatin katako na kwaɓa siminti. Kasuwa ta ƙi, har matarsa ta jinginar da zoben aurenta don a biya ma'aikata. Sa'arsa ta zo a 1920 a filin mai na Hewitt da ke Oklahoma, inda ya shawo kan wata rijiyar William Skelly da ta gagari masu ita. Daga nan aiki ya yi ta zuwa, ya kafa mazauni a garin Duncan a 1921.

Ƙirƙira biyu suka ɗaga shi. Ta farko igiyar awo ce da ke bin matoshi cikin bututu, ta nuna zurfin da siminti ya kai. Kafin ita da ƙiyasi ake aiki: in an tsaya da wuri siminti ya daskare cikin bututu, in an zarce a bar gindin rijiya babu kariya. Ta biyu na'urar kwaɓi ce da ke amfani da ƙarfin feshin ruwa ta zuƙo garin siminti ta gauraya nan take, aikin da a da ƙarti ke yi da shebur. Saurin na da muhimmanci, domin siminti ba ya jiran kowa. Perkins ya kai shi ƙara kan haƙƙin fasaha, suka sasanta, daga bisani a 1940 tsohon direban ya saye kamfanin tsohon maigidansa.

A 1924 ya yi wa kamfaninsa rajista, ya jawo manyan kamfanonin mai bakwai suka sa hannun jari, masu ba shi aiki suka zama abokan cin riba. Ya taɓa harkar jiragen sama, ya kuma sa aka ƙera masa akwatin tafiya na alminiyam da har yau ake sayarwa da sunansa. Ya rasu a Los Angeles ranar 13 ga Oktoba, 1957, 'yan watanni kafin Najeriya ta fara fitar da man Oloibiri zuwa waje a 1958.

Sana'ar da ya kafa ba ta yafe sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2010 rijiyar Macondo ta fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, masu bincike kuma suka lissafa gazawar simintin da kamfanin Halliburton ya zuba cikin musabbabai.

A Oktoban 2019 kamfanin NNPC ya sanar da gano mai a rijiyar Kolmani ta biyu, a iyakar Bauchi da Gombe, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙaddamar da aikin ranar 22 ga Nuwamba, 2022. Ƙauyukan Alkaleri da rijiya da burtsatse suka dogara, kuma giɓin da ke kai ruwa ga mai shi ne ke iya hauro da gas da ruwan gishiri zuwa ruwan sha. A cikin garin Bauchi akwai cibiyar binciken man fetur ta ƙasa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Abuja kuma akwai hukumar NUPRC da dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa sa ido kan haƙa. Jami'in da fayil ɗin Kolmani ya iso teburinsa, kafin ya duba yawan gangunan da ake hasashe, ya nemi rahoton gwajin simintin kowace rijiya. Tun ran gini ran zane, domin gyaran giɓi a zurfin dubban ƙafafu ya fi zuba siminti mai kyau tun farko tsada nesa ba kusa ba.