Yoshitsune, Jarumin Ƙasar Japan

A ƙasar Japan ranar 5 ga watan Mayu ranar yara ce. Iyaye sukan jera 'yan tsana masu siffar mayaƙan dā, sanye da sulke da kwalkwali, suna fatan 'ya'yansu maza su tashi da lafiya da ƙarfin zuciya. Cikin jarumawan da ake yin siffarsu mun zaɓi Minamoto no Yoshitsune.

An haife shi a 1159. Yana jariri aka kashe ubansa, bayan gidan Taira ya ci gidansu da yaƙi. Aka kai yaron haikalin Kurama kusa da birnin Kyoto don ya zama mai ibada, amma da ya tasa sai ya gudu arewa, zuwa Hiraizumi. A 1180 wansa Yoritomo, wanda suke uba ɗaya, ya ja daga da Taira, Yoshitsune ya zo ya mara masa baya.

Nan ne sunansa ya fito. Ya fatattaki abokan gaba a Ichi-no-Tani a 1184, a 1185 kuma ya gama da su a yaƙin jiragen ruwa na Dan-no-ura. Sai 'yan ubanci ya kunno kai. Yoshitsune ya karɓi sarauta daga fadar Kyoto ba da izinin wansa ba, Yoritomo kuwa ya hana shi shiga Kamakura, daga baya ya sa a farauce shi. A ganinmu ƙanen ya yi gaggawa, amma hukuncin ya fi laifin.

Ya koma Hiraizumi neman mafaka. Mai masaukinsa ya rasu a 1187, ɗansa kuma ya ci amana, ya kewaye shi da mayaƙa a 1189. Yoshitsune ya kashe kansa yana ɗan shekara 30. Almara ta ce baransa Benkei ya tare gada shi kaɗai har ya mutu a tsaye, kibau sun cika jikinsa. Shi ma ana yin 'yar tsanarsa.

Yoritomo ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja, a 1192. Amma ƙanen ne mawaƙa da masu wasan kwaikwayo suka riƙe. Har yau Japanawa suna kiran tausayin wanda aka fi ƙarfinsa hogan-biiki, daga sunan sarautar nan da ta raba shi da wansa.