Marigayi Abdu Mumuni, Masanin da ya Sa Rana Aiki

Cikin ƴaƴan ƙasar nan da ya kamata matasa su san tarihinsu, akwai marigayi Abdu Mumuni Dioffo, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga watan Yuni 1929. Bayan karatun fari a gida Nijar, ya shiga makarantar horon malamai ta William Ponty a ƙasar Senegal, daga nan ya zarce Paris. A can ne shi da ƴan'uwansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka mazauna Faransa, wato FEANF, wadda ta yi fafutukar neman ƴancin kai. A shekara ta 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai da ake kira agregasiyo, a fannin kimiyyar fizik.

Da wannan takarda, da ya so da ya yi zamansa a Turai cikin jin daɗi. Amma sai ya komo ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. Ya je Tarayyar Sobiyat ya ƙware kan ƙarfin rana, kana ya buɗe ɗakin bincikenta a Bamako.

A 1964 ya fitar da littafinsa kan sha'anin ilimi a Afirka. A ciki ya nuna cewa makarantar da Nasara ya bari an shirya ta ne don samar da akawu da tafinta, tana raba yaro da harshensa da gonar ubansa. Shawararsa ita ce a koyar da yara cikin harsunan iyayensu, a haɗa karatu da aikin hannu, a kuma yaƙi jahilci wajen manya. Shekara tara bayan haka, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Shi kansa bai tsaya ga faɗa ba. Daga 1969 ya shugabanci ma'aikatar ƙarfin rana ta ƙasa, ONERSOL, inda ƴan ƙasa suka riƙa ƙera tukwanen dumama ruwa da murhun girki waɗanda ba su bukatar itace ko kananzir. Ranar da kowa ke kuka da zafinta, shi ya gane dukiya ce. Ya kuma shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Allah ya yi masa rasuwa ranar 7 ga watan Afrilu 1991.

To, jama'a masu karatu, mu dubi ƙasar Sassumbrum da sauran garuruwan Magarya da Dungas. Da an gama girbi sai samari su kama hanyar cirani, wasu Kano, wasu har Libiya, saboda gonaki sun ƙanƙance, sana'a kuwa babu. Alhali famfunan da rana ke tayarwa da faifan kama haskenta sun shigo karkara, suna neman mai kafawa da mai gyara. Idan ma'aikata da sarakuna da iyaye suka tsaya aka koya wa yaran nan wannan sana'a cikin harshen da suke ji, ruwan lambu zai samu, cirani ya ragu. Abin da marigayin ya yi rayuwarsa a kai ke nan. Allah ya jiƙansa, amin.