Labarin Amina 'Yar Bakwa, Sarauniyar Zazzau, Da Masu Sunanta

Ka sani, ya kai mai karatu, mulkin mace ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar Daura. Tun daga Kufuru har zuwa Magajiya Daurama, wadda aka kashe macijin rijiyar Kusugu a zamaninta, mata ne suka riƙe sarauta a nan, kamar yadda magabata suka faɗa. Daga zuriyar Bawo aka sami Hausa Bakwai, aka ce Daura da Katsina su ne sarakunan kasuwa, Zazzau kuwa, wadda Gunguma ya fara sarauta, aka ce ita ce sarkin bayi. To, a wannan gida na Gunguma aka haifi Amina, wadda sunanta ya fi na kowace sarauniya ta ƙasar Hausa nisa a duniya.

Mahaifiyarta ita ce Bakwa Turunku, wadda ta zauna a Turunku, kudu da birnin Zariya. Amina na da ƙanwa ana ce da ita Zariya, da sunanta aka kira birnin. An ce tun tana yarinya Amina ba ta rabuwa da fada, tana sauraron shawara, tana koyon hawan doki da riƙon mashi. Da ɗan'uwanta Karama ya hau gado, sai ta zama ita ce kan gaba wajen yaƙi, bayan rasuwarsa kuma al'amarin Zazzau ya koma hannunta.

Littattafai biyu su ne madogara a kan labarinta. Na fari shi ne Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Bature Palmer ya juya shi da Turanci a 1908. Shi ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau tsakanin 1421 da 1438. Ya nuna ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kawo mata gandu, ta kuwa yi shekara 34 tana yaƙi. Na biyu shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya gama a 1812. Shi ma ya ambace ta, ya nuna Kano da Katsina sun ba ta haraji, ta ratsa ƙasashen kudu da yaƙi, ajali ya same ta a Atagara. Masu bin lissafin sarakunan Zazzau kuwa suna sa hawanta wajen 1576, rasuwarta wajen 1610. Tsakanin ƙaulin nan biyu akwai tazarar shekara ɗari da hamsin. Abin mamaki, a cikin jerin sarakunan Zazzau ɗin nan akwai Bakwa, akwai Karama, amma ba a jera Amina ba. Saboda haka waɗansu masana suka ce ta riƙe rundunar ƙasa da ikonta ne, ba tare da an naɗa mata rawani ba.

Amma abin da ya fi shafar fatake shi ne maganar goro. Tarihin Kano ya faɗi Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, watau ƙwarya ɗari ke nan a lissafin 'yan goro, ya kuma ce ita ce ta fara samun goro a ƙasar Hausa, a zamaninta ne kayan yamma suka shigo. Littafin nan ya ƙara da cewa a zamanin Abdullahi Burja, wanda ya gaji Dauda, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Wanda ya san fatauci zai gane yadda maganar ta haɗu. Ayari ba ya tafiya sai hanya ta yi lafiya, hanya kuwa ba ta lafiya sai akwai mai ƙarfi da ɓarayi ke tsoro. Amina ta share hanyar kudu da takobi, madugai suka biyo baya da jakuna. Doki da gishiri da kanwa suka yi kudu, goro ya yi arewa. Ba a manta kuma cikin abin da yaƙinta ya kawo akwai bayi, mutanen da aka raba da garuruwansu, wannan ma yana cikin lissafinta. Huhun goron da ke ƙetare iyaka a Kongolam ya nufi Damagaram, tsohuwar hanya yake bi.

An ce duk inda ta yi sansani sai ta sa a zagaye wurin da ganuwa, shi ya sa har wa yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi da dama ganuwar Amina, ko da waɗansu ba ita ta gina su ba. Akwai kuma labarin da ake yi a bakin kasuwa, wai kowane gari ta ci sai ta zaɓi saurayi, da gari ya waye a kashe shi. Wannan labari babu shi a Tarihin Kano, babu shi a littafin Bello. Mai ilmi ya bambanta abin da ke rubuce da abin da ke yawo a baki.

Bayan ƙarnoni sunanta ya sake tashi. A 1954 aka buga ɗan littafi da Hausa a Zariya mai suna Amina Sarauniyar Zazzau. A 1975, shekarar da duniya ta keɓe domin mata, Nijeriya ta buga kan sarki da surarta. Makarantar 'yan mata ta Kakuri a Kaduna aka sa mata sunanta, haka ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma a Jami'ar Ikko.

Sa'an nan majigi ya ɗauka. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Netflix ya fitar da fim mai suna Amina, wanda Izu Ojukwu ya shirya. Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniya, Ali Nuhu ya fito a matsayin Ɗanjuma. A 2022 ya ci babbar lambar gasar finafinai ta Africa Magic a Ikko. Mutanen ƙasashe masu nisa da ba su taɓa jin Zazzau ba suka ji ta. Amma a ƙasar Hausa da yawa sun yi ƙorafi, domin da Turanci aka yi maganar, tufafin ba na fadar Hausa ba ne, an kuma saƙa labarin soyayya a ciki. Hatsarin a nan yake: yaro ya fi riƙe abin da ya gani da ido, in ba a karanta masa littafi ba sai ya ɗauka majigi shi ne tarihi.

Game da dubban mata da ake kira Amina a Daura da Mai'aduwa da Zango da sauran garuruwa, galibinsu ba don sarauniya aka raɗa musu ba. An raɗa ne don Aminatu 'yar Wahabu, mahaifiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ashe ita kanta 'yar Bakwa takwara ce, sunanta na Larabci kuwa alama ce ta cewa sunayen Musulmi sun riga sun shiga fadar Zazzau tun kafin a haife ta.

Wannan shi ne labarin Amina a taƙaice. Malamin da ke da kofen Infaƙul Maisuri a gafakarsa ya buɗe wa almajiransa inda aka ambace ta, su ji da kunnensu. Tamat.